Allurar Kaka Kamdi

Ban Nong Pan,
3 ga Agusta.

Zuwa ga aminiyata Prakong,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da sauran mata masu farin kaya da kuke zaune tare a gidan ibadar daji. Yaya sanyin dutse, yaya sauro? Yaya gwiwar nan taki da ba ta son zaman ƙasa? An ce sau ɗaya kuke cin abinci a yini, ke da ba ki taɓa wuce mai suyar ayaba ba ki tsaya ba. Mu muna nan yadda kika bar mu, in har kin tuna yadda kika bar mu ɗin.

Bayan haka, kada ki yi mamakin ganin takarda. Na kira wayarki har na gaji, sai yayarki ta nuna mini ita a kashe cikin aljihun tebur, ta ce kin aske kai kin shiga halwar damina, wata uku ba waya ba fita. A lasifikar mai gari na fara ji, da safe ina ba agwagi abinci, wai mu taya 'yar sa-kanmu ta lafiya murna ta tafi neman lada. Shekara arba'in ke nan da aka ɗaura mana zaren aminci a wuyan hannu ni da ke, amma labarin tafiyarki tare da karnukan gari na ji shi. An ce yanzu sai dai a kira ki Inna Mai Fari. Ni Prakong na sani, kuma da ita nake magana.

Tunda ba ki tambaya ba, bari in gaya miki. An cire wa maigidana Tawin na'urar numfashi bayan kwana goma sha tara. Yana numfashi da kansa, yana magana ƙasa-ƙasa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa kamar ba jikinsa ba, hannayen ma ba sa riƙe cokali. Ni nake dunƙula masa shinkafa in sa masa a baki. Mijina da ke ɗaukar buhu biyu daga gona zuwa rumbu, yanzu mu biyu muke juya shi, ni da matar mai gadon kusa. Kin ga farkon abin da idonki, ranar da ya ce tafin ƙafarsa na yi masa yam-yam, muka yi masa dariya muka kai shi wurin mai tausa. Kina nan kuma ranar da ya kasa haɗiye ruwa. Washegari kika tafi.

Likitar jijiya, wata yarinya mai tabarau, ta zaunar da ni ta yi mini bayani ba tare da ta duba agogo ba. Ta ce jikinsa ne ya juya yana cin jijiyoyinsa, ciwon yana da sunan wasu Turawa da bakina ba ya iya faɗa. Ta ce yakan biyo bayan gudawa, yakan biyo bayan murar kanta, kuma can ba a rasa ba yakan biyo bayan allurar rigakafin mura, mutum ɗaya a cikin dubun dubata. Ba wanda zai rantse a kan wanne ne ya jawo nasa. Amma akwai kwamiti a lardi da ke ba irinsa diyya, kuma ba ya tambayar laifin wa ne. Abin da yake so kawai shi ne shaidar cewa an yi allurar, da ranar da aka yi ta. Sai ta buɗe fayil ta ce, "Sai dai Inna, ranar da aka kawo shi na tambaye shi ko an yi masa wata allura kwanan nan, ya ce babu."

Na koma bakin gadon raina a ɓace. Na ce, "Kai sarkin 'yan kara, me ya sa ka ce babu?" Ya mai da ido bango. Da kyar ya ce, "Prakong za ta shiga uku." Kin ji. Numfashi na neman ƙwace masa, shi kuma ke yake tunani. Da lafiyarsa ƙalau da na mare shi.

Duk da haka na tafi ofishin lardi, mota biyu na hau. Magatakardan ya buga lambar katin Tawin ya ce, "Inna, mijinki bai yi allura bana ba." Na ce a gabana aka yi masa, ranar shida ga Yuni, a hannun hagu. Ya juyo mini da kwamfutar sai ka ce zan iya karanta ta. Ya ce, "Kwamfuta ba ta san shi ba." Na ce, "Ni na san shi, ɗana, shekara talatin muna kwana ɗaki ɗaya." 'Yan layi suka yi dariya, shi kuwa ya kira na bayana.

Kwamfutar ba ta yi ƙarya ba, kuma ke kin sani. A rubuce, wanda aka yi wa allura ranar shi ne Kaka Kamdi, ɗan shekara saba'in da takwas, wanda a daidai lokacin yake birnin Kon Ken wurin likitan ido. Ke kika sa wa sunansa alama a takardarki. Ke kika miƙa kwafin katinsa. Ke kika tura Tawin cikin layi da hula da takunkumi, sabuwar nas ɗin nan da ba ta san kowa ba ta soka ta wuce. Gidaje goma sha biyar ke hannunki, duka suka cika, aka kira sunanki a taron gunduma aka yi miki tafi.

Kwamiti zai zauna ranar ashirin da shida ga Satumba. Abin da nake nema bai wuce ki zo ki faɗi abin da ya faru da bakinki ba. Likita ta ce zai iya tashi, amma sai an yi kusan shekara ana kai shi gashi a birni. Dashen shinkafa ya wuce mu ina asibiti. In ba diyyar nan ba, gonar bakin tafki da mahaifiyata ta bar mini za ta tafi, mai injin casa har ya aiko a gaishe ni sau biyu, mutumin da bai taɓa sanin ina raye ba. Halwarki ba za ta ƙare ba sai cikin Oktoba. Na ƙirga, kuma na san ke ma kin ƙirga kafin ki tafi.

Ki gaida matan da kuke tare. Tawin yana gaishe ki, bai san abin da na rubuta ba.

Aminiyarki,
Sangwan.


Ban Nong Pan,
19 ga Agusta.

Aminiyata Prakong,

Ina gaishe ki, ina yi miki fatan lafiya da kwanciyar hankali, tunda shi kika je nema. Yaya ibada, yaya ruwan sama a wajenku? Nan ya cika ko'ina, har ya ci hanyar makaranta.

Saƙonki ya iso. Yayarki ta kawo kwalbar ruwan tsarki da farin zare, ta ce kullum da safe kina zuba ruwa a ƙasa kina kiran sunan Tawin, kina aika masa ladan yininki. Madalla. Na ba shi ruwan ya sha saboda ya nace. Ladan kuma na so in kai ofishin lardi, sai na tuna ba sa karɓar abin da ba sa hannu a jiki. Na juya ledar, na zazzage ta, ko akwai 'yar takarda mai kalma ɗaya daga gare ki. Babu.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Kaka Kamdi ya rasu ranar Talata. Mura ce ta kama shi, ta sauka masa a ƙirji, ya yi kwana shida a asibitin gunduma. Ranar Asabar aka ƙone gawarsa. Na bar Tawin a hannun matar mai gadon kusa na zo, don ba zai yiwu a kai mutumin da ya ɗaura mana zare ni da ke ba ko ɗayarmu a wurin.

Ina cikin mata a bayan gida ina dakan kwaɗon gwanda, 'yarsa Lamun ta zo ta zauna a kan bokiti, idonta jawur. Ba da ni take magana ba, da kowa take. Ta ce Babansu ya riga ya fara tafiya tun watan Yuni, murar dai ta ƙarasa ne. Wai bayan sun dawo daga Kon Ken da mako ɗaya, ya hau kekensa da bandeji a ido ɗaya ya je ƙaramin asibiti a yi masa allurarsa, don shi bai taɓa tsallake shekara ba. Nas ta duba ta ce an riga an yi masa. Ya ce ba a yi ba. Sai ta kira mai kula da gidansu, wato ke. Lamun ta maimaita abin da kika ce kamar yadda ya kawo mata shi gida: "Haba Kaka, an yi maka mana, ni da kaina na naɗe maka hannun riga. Tsufa ne." Masu jiran awo suka yi dariya. Shi kuma ya tsaya a tsakar ɗaki ya tuɓe riga yana neman tabo a hannu biyu.

Prakong, taɓaryar ta tsaya a hannuna. Wannan ban sani ba. Ba ki taɓa gaya mini ba, alhali a makon da abin ya faru sau uku muka ci abinci tare.

Kin san ko wane ne Kaka Kamdi. Duk auren da aka yi a garin nan, duk jaririn da aka haifa, duk wanda ya dawo daga asibiti, shi ke zama gaban tire ya kira kurwarsa ta dawo jiki, da ka, sa'a guda ba tuntuɓe. Lamun ta ce tun daga ranar bai sake yi ba. Da aka zo ɗaukarsa auren jikar mai gari, ya ce su nemi wani, kan da ya manta an soka masa allura ba zai riƙe kiran kurwa ba. Ya jingine keke. Ya sa ta riƙa gaya masa ko ya ci abinci, ko da kwanon na gabansa. A asibiti ma abin da ya tambaye ta ke nan, wai me kuma ya manta da ba a gaya masa ba.

Na tambayi likitar jijiya ko da an yi masa allurar da bai mutu ba. Ta ce allurar tana rage haɗari ƙwarai ga tsofaffi, amma a kan mutum ɗaya ba wanda zai rantse. Kowa a asibitin nan tsoron rantsuwa yake. Ni ba likita ba ce, abin da na sani shi ne dattijo ya je neman abinsa da ƙafarsa, aka mai da shi abin dariya.

Yanzu na gane abin da ya kai ki dutse. Da ina zaton kunyar Tawin ce. Ashe kin san duk ranar da aka buɗe maganar diyya, za a buɗe wannan ma. Kin gwammace ki aske kai da ki buɗe baki. Ina jin haushinki har ba na jin ɗanɗanon abinci, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da na ji labarin nan ke na fara nema in gaya wa, kamar kullum.

Saura kwana talatin da takwas kwamiti ya zauna. Ki huta lafiya.

Aminiyarki,
Sangwan.


Ban Nong Pan,
6 ga Satumba.

Prakong,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Yayarki ta ce kin rame, ta ce tari na damunki. Ki sha citta, ki bar zama a kan dutse da jiƙaƙƙen zane.

Takardarki ta zo, layi biyu. Na karanta ta a tsaye a bakin rijiya. Kin ce abin da ya sami Tawin nauyi ne da ya ɗauko daga rayuwar da ta wuce. Kin ce kuma in tambayi kaina wanda ya fara roƙo.

Na farkon ba zan amsa ba, don in na amsa takardar nan ba za ta shiga gidan ibada ba. Rayuwar da ta wuce ba ita ta miƙa kwafin kati ba. Na biyun kuwa kin yi gaskiya, kuma tunda ke ba ki iya faɗar taki ba, bari in nuna miki yadda ake yi.

Ni na roƙa. Bara mura ta kwantar da Tawin mako biyu ana tsakiyar dashe, na sha wahalar da ban manta ba. Bana da aka ce allurar kyauta ta tsofaffi ce da masu ciwon suga da masu ciki, shi kuma shekararsa hamsin da huɗu, lafiyarsa kamar ta ɓauna, sai na ƙi kai shi asibitin kuɗi a birni. Rowa ce, ba wani abu ba. Na zo na same ki da la'asar kina zaune kan benci da takardarki, layi ya kusa ƙarewa. Na ce, "Kaka Kamdi ba ya gari, tasa za ta lalace a banza cikin akwatin ƙanƙara. Ba ni ita mana." Kika ce a'a. Na ce, "Aminiyar banza, zaren da aka ɗaura mana na ado ne?" Kika ce a'a karo na biyu, amma kina dariya. A na uku kika dubi takardar, suna ɗaya ne ya rage miki ba alama. Ni na cire hulata na kifa wa Tawin, yana cewa mu bari, ba kyau. Ban taɓa tunanin dattijon zai dawo ya nemi tasa ba, don ban yi tunaninsa ba sam. Ga tawa nan, na rubuta da hannuna, kuma kullum da ita nake juya mijina a kan tabarma.

An sallamo shi ranar Litinin. Yana kwance a ƙarƙashin gidanmu, tsakanin ginshiƙan da suka ɗaga shi, inda iska ke shiga, tunda ba mai hawa da shi matakala. Babban yatsansa na dama ya fara motsi, yini yake yi yana kallonsa. Da na gaya masa zan bi maganar har ƙarshe, sai ya ce, "Sayar da gonar, Sangwan. Gona ƙasa ce. In kika tona, ina za mu sa fuskarmu a garin nan?" Na ce, "Fuskarka tana nan lafiya, ƙafafunka ne babu." Na yi nadamar faɗa, amma ban janye ba.

Ga abin da ya kamata ki sani. Na je taya Lamun kwashe kayan mahaifinta. A cikin gwangwanin biskit, tare da tsofaffin hotuna, na ga katin asibitin ido, da hatimi, da kwanan wata: shida ga Yuni, an karɓe shi da safe, an sallame shi ƙarfe huɗu. Na riƙe shi a hannu Lamun ta ba ni baya. Aljihuna a buɗe yake. Sai na ji kunyar in saci abu na biyu a gidan, na mayar na rufe gwangwanin.

Na koma ofishin lardi na sami wata mata da ta fi yaron nan hankali. Ta ce in katin ya nuna mai sunan ba ya gari, to wani aka yi wa allurar, kuma da shaidata da ta Tawin kwamiti zai saurara. Sai ta rage murya ta ce, "Amma Yaya, gaya wa 'yar sa-kan nan, wadda ta zo da ƙafarta daban take da wadda aka kamo." Shi ne nake gaya miki.

Kada ki ce mini alkawarin halwa. Na je na durƙusa gaban babban malamin gidan ibadarmu na tambaye shi, ban kama suna ba. Ya ce su kansu malamai maza masu rawayar riga an yarje musu fita har kwana bakwai saboda mara lafiya, balle mai farin zane. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in gaishe ki.

Zan jira ki har jajibirin cikar wata, wato ana gobe za a kai wa matattu abinci. In kin zo, mu je wurin Lamun tare, ki riƙe ni in riƙe ki. In ba ki zo ba, zan je ni kaɗai, kuma ba zan rage ko suna ɗaya ba. Ina roƙonki, Prakong. Kin san sau nawa kika taɓa jin na roƙi mutum abin kirki.

Taki,
Sangwan.


Ban Nong Pan,
30 ga Satumba.

Prakong,

Ina gaishe ki, ina fatan tarin ya sake ki. Mu muna lafiya gwargwado. Tawin yana riƙe dunƙulen shinkafa da kansa, rabi a baki rabi a riga.

Na jira ki. Duk motar da ta tsaya a bakin titi ranar jajibiri sai na leƙa, har mai sayar da kaza ya tambaye ni ko mai tallar tikitin caca nake jira. Da ta ƙarshe ta wuce, na wanke ƙafa na tafi gidan Kaka Kamdi.

Na sami Lamun a kan gadon gora tana ƙunsa abincin matattu a ganyen ayaba: shinkafa, ɗan soyayyen kifi, daddawar kifi, da taba guda, don Babanta yana so. Na zauna a ƙasa, ba a kan gadon ba. Ta ce, "Yaya Sangwan, me ya yi zafi? Hau mana." Na ce nan ya dace da ni. Na faɗa mata duka, tun daga benci har hula, da abin da kika ce masa, da katin da na riƙe na mayar. Ba ta daina ƙunshin ba sai da ganyen ya ƙare. Na so ta zage ni, na so ta watsa mini ruwan kwanon, da ya fi mini sauƙi.

Can ta ce, "Ashe bai manta ba." Ta sake faɗa. Ta ce, "Ni ma na ce masa tsufa ne, Yaya. Tare muka je Kon Ken, amma da ya ce ba a yi masa ba sai na ɗauka kafin mu tafi aka yi. Na yarda da takarda na ƙi yarda da ubana." Nan ta yi kuka, ni kuma ban isa in taɓa ta ba.

Ta shiga ta fito da katin, amma ba ta miƙo mini ba. Ta ce zan same shi gobe, a wurin Babanta, in na gaya masa da kaina a gaban mutanen da suka yi masa dariya.

Kin san yadda gidan ibada ke cika a ranar. Kowa da ƙunshinsa, ana ajiyewa a gindin itatuwa da jikin katangar da ake sa ƙasusuwa, ana kiran sunaye. Na sa an ɗauko Tawin a baburin maƙwabci mai akwati a gefe, shi ya ce sai ya je. Na durƙusa gaban ramin Kaka Kamdi, simintin ma sabo ne fil. Na fara magana ƙasa-ƙasa. Lamun ta ce, "Ɗaga murya, kunnensa na hagu ba ya ji." Sai na ɗaga. Na ce, "Kaka, ni ce Sangwan 'yar Inna Tongsi. Ba ka manta komai ba. Ba a yi maka allura ba. Ni na roƙi taka aka ba mijina, Prakong ta sa sunanka, kuma ta ce maka tsufa ne alhali ta sani. Kanka lafiya yake har ka tafi." Matar mai gari ta bar ƙunshinta ya faɗi. Daga cikin akwatin babur Tawin ya ɗaga hannayen nan nasa da ba sa haɗuwa, yana ƙoƙarin haɗa su a goshi, sai da wani ya taimake shi.

Lamun da kanta ta bi ni lardi ranar ashirin da shida, ta ajiye katin a teburin kwamiti. Su bakwai ne. Sun tambaye ni sa'a guda, na ba su amsa yadda na ba ki, har maganar rowa. Likitar jijiya ta rubuto cewa kwanakin sun dace, ko da yake har yanzu ba ta rantse ba. Jiya aka kira ni: sun amince. Gonar bakin tafki tana nan. Na zaci in na ji haka zan yi tsalle, sai na ga na zauna a matakala na daɗe ban tashi ba.

Ga abin da ya biyo baya, gara ki ji daga wurina. An cire sunanki daga 'yan sa-kai, mai gari ya faɗa a lasifika, a gajarce. Takardar kira tana hannun yayarki, ana nemanki a gunduma ranar da kika sauko. Nas ɗin ma an kira ta, yarinyar da laifinta bai wuce gajiya da yarda da ke ba, kuma na je na faɗa musu haka. Ni ma rabin gari ba sa amsa gaisuwata, wasu don abin da na yi wa dattijo, wasu don na tona aminiyata. Na biyun sun fi yawa. Da kin zo, da mun raba wannan ma gida biyu, kuma da har yanzu ina da wadda zan zauna in zagi garin nan da ita. Ban yafe miki ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar cewa ba na kewarki ba.

Saƙo ɗaya ya rage, ba nawa ba ne. Yayarki ta je ta gaya wa Lamun, don ta sanyaya mata rai, cewa tun da kika ji rasuwar kike zuba ruwa kowace safiya kina kiran Kaka Kamdi kina aika masa lada. Lamun ta tare ni a hanyar kasuwa ta ce in rubuta miki haka, kada in gyara ko kalma ɗaya: "Ki daina kiran sunan Babana. Kin riga kin yi aiki da shi sau ɗaya ba da saninsa ba."

Ki huta lafiya.

Sangwan, matar Tawin.